Jirgin Ƙarƙashin Teku Mai Aiki da Nukiliya: Nawa Yake Ci, Wa Kuma Zai Iya Ƙera Nasa? Tambayoyi da Amsoshi

Ƙasashe shida ne kawai a duniya suke da jirgin yaƙi na ƙarƙashin teku mai aiki da makamashin nukiliya wanda suka ƙera da kansu. Birazil tana neman zama ta bakwai tun 1979, har yau nata bai shiga ruwa ba. Shi ya sa labarinta zai yi ta fitowa a amsoshin nan, domin ita ce ta fi nuna abin da ke samun ƙasa mai matsakaicin ƙarfi idan ta ɗauko wannan aiki.

Mene ne bambancinsa da jirgin ƙarƙashin teku na dizal?

Iska. Injin dizal ba ya tashi sai da iska, don haka jirgin dizal da batir yake tafiya idan ya nutse. In batir ya yi sanyi, dole ya taso dab da saman ruwa, ya fito da bututu ya shaƙi iska, ya kunna inji ya yi caji. A wannan lokacin ne ake jin ƙararsa, a hango shi daga sama. Idan kuma ya ce zai yi gudu a ƙarƙashi, cikin awa ɗaya ko biyu batirin ya ƙare.

Mai nukiliya ba ruwansa da wannan. Tukunyar nukiliyar da ke cikinsa tana fasa ƙwayoyin yuraniyom, zafin ya tafasa ruwa, tururin ya juya injin da ke tura farfela. Ba ta buƙatar iska. Daga ruwan teku jirgin yake samar da ruwan sha da iskar da ma'aikata ke shaƙa. Yana iya wata uku a nutse, yana gudun da ya haura kilomita 45 a awa ba tare da ya sassauta ba. Abin da ke dawo da shi gida shi ne ƙarewar abinci da gajiyar mutane.

Ke nan yana ɗauke da bam ɗin nukiliya?

Ba lalle ba. Injin daban, makami daban. Akwai masu ɗauke da makamai masu linzami na nukiliya, aikinsu su ɓuya su jira umarni. Akwai masu farauta, waɗanda makamansu na yau da kullum ne. Wanda Birazil ke ginawa da wanda Ostireliya ke nema duk na farauta ne.

Su waye shidan?

Amurka ce ta fara da Nautilus, wanda ya soma tafiya da nukiliya a Janairun 1955 a ƙarƙashin kulawar Admiral Hyman Rickover, ya kuma ratsa ƙarƙashin ƙanƙarar ƙuryar arewacin duniya a 1958. Tarayyar Sobiyet ta biyo a 1958, Birtaniya a 1963, Faransa a 1971, Sin a 1974. Daga nan sai aka yi shekara 42 ba wanda ya ƙaru, har Indiya ta shigar da Arihant aiki a 2016. Wannan dogon giɓi kaɗai ya isa ya nuna wuyar abin. Biyar ɗin farko su ne masu kujerar dindindin a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma duka shidan suna da makaman nukiliya.

Me Birazil take so da shi, ƙasar da ba ta da abokin gaba a teku?

Sojojin ruwanta suna kafa hujja da abu biyu. Na farko ya faru a maƙwabta. Ranar 2 ga Mayun 1982, a yaƙin tsibiran Falkland, jirgin Birtaniya mai nukiliya Conqueror ya nutsar da babban jirgin yaƙin Ajantina, General Belgrano, mutum 323 suka mutu. Bayan haka manyan jiragen Ajantina suka koma gaɓa, ba su sake fitowa yaƙi ba. Hafsoshin Birazil sun ga yadda jirage ƙalilan da ba a gani suka tsare rundunar ƙasa guda a tasha.

Na biyu arziki ne. Gaɓar tekun ƙasar ta haura kilomita 7,000, kuma daga 2006 aka fara gano mai mai ɗimbin yawa can nesa da gaɓa, a ƙarƙashin wani kaurin gishiri da ke ƙasan teku. Gadin wuri mai wannan faɗi yana son jirgin da zai yi nisa da sauri.

Akwai na uku da ba a cika faɗa a takarda ba, shi ne martaba. Birazil ta daɗe tana neman kujerar dindindin a Kwamitin Sulhu, ta kuma ga irin kayan da masu kujerun suke da shi.

To ina aikin nata ya kwana?

Shirin ya fara a asirce a 1979, zamanin mulkin soja. Abin mamaki, ɓangaren da duniya ta fi tsoro shi suka fara cin nasara a kai: a 1987 Shugaba José Sarney ya sanar cewa ƙasar ta iya tace yuraniyom da na'urorin da ta ƙera da kanta, a 1988 aka buɗe cibiyar Aramar a garin Iperó na jihar São Paulo. Daga nan kuɗi ya ƙafe. Hauhawar farashi da bashi suka sha kan gwamnati, aka yi shekaru ana ba cibiyar abin da zai hana ta rufewa kawai. Injiniyoyi suka tsufa, waɗansu suka kama gabansu.

Shugaba Lula ne ya farfaɗo da shirin. A Disamban 2008 shi da shugaban Faransa na lokacin, Nicolas Sarkozy, suka ƙulla yarjejeniya, wadda aka ƙiyasta kuɗinta kusan yuro biliyan 6.7. A cikinta akwai sabuwar ma'aikatar ƙera jirage da sansani a Itaguaí kusa da Rio de Janeiro, da jiragen dizal huɗu samfurin Scorpène da za a haɗa a can domin ma'aikata su koyi aiki, sannan taimakon Faransa wajen zana gangar jikin mai nukiliyar. Banda tukunyar. Wannan Faransa ta ce Birazil ta yi da kanta.

Sai aka sake faɗawa rami. Tattalin arziki ya durƙushe a 2015 da 2016, aka zaftare kasafi. Kamfanin gine-ginen da aka haɗa da Faransawa, Odebrecht, ya tsinci kansa a tsakiyar babbar badaƙalar cin hanci da ta girgiza ƙasar. Jirgin dizal na farko, Riachuelo, bai shiga aiki ba sai 2022, na biyu, Humaitá, a 2024. Mai nukiliyar, wanda aka raɗa wa sunan Álvaro Alberto, zai kai tan 6,000 da tsawon mita 100. An so a gan shi cikin shekarun 2020, yanzu maganar shekarun 2030 ake yi.

Shi kansa mai sunan ya ɗanɗana irin wannan. Admiral ne kuma masanin kimiyya, wanda a farkon shekarun 1950 ya yi odar na'urorin tace yuraniyom daga Jamus ta Yamma, Amurkawa suka hana a fito da su.

Nawa ne kuɗin guda ɗaya?

Sabon samfurin Virginia na Amurka ya haura dala biliyan 4. Faransa tana ƙera shida samfurin Barracuda a kan wajen yuro biliyan 10. Masu ɗaukar makaman nukiliya sun fi tsada: Birtaniya ta ware fam biliyan 31 domin Dreadnought guda huɗu, da ƙarin biliyan 10 na ko-ta-kwana, Amurka kuma za ta kashe wajen dala biliyan 130 a kan Columbia guda 12. Na dizal na zamani yana kamawa daga ɗaruruwan miliyoyin dala zuwa biliyan ɗaya da 'yan kai.

Sai dai waɗannan farashin masu ma'aikata a tsaye ne, waɗanda suka biya kuɗin koyo tun shekara 60 da suka wuce. Sabon shiga ba zai samu haka ba.

In ba jirgin ba, me ke cinye kuɗin?

Mai sayen doki ya san kuɗin doki ba shi ne wahala ba, harawa da dusa da bara mai kula da shi su ne. Haka abin yake a nan. Kafin a yanka ƙarfen farko ana bukatar tukunyar gwaji a kan tudu, wadda za a kunna a yi shekaru ana lura da ita. Ana bukatar masana'antar man nukiliya, da rumfar haɗa jirgi, da tashar gyara mai lasisin taɓa kayan nukiliya, da wurin ajiyar man da ya ƙone, da hukumar sa ido wadda za ta iya ce wa babban hafsan soja a'a. Ana bukatar makarantar horar da matuƙa, kuma kafin mutum ya kai matsayin riƙe irin wannan jirgi sai ya yi shekara goma sha a cikinsa.

Sannan ɗaya ba ya isa. In ana son a samu jirgi ɗaya a teku kullum, sai an mallaki uku ko huɗu, saboda wani na gyara, wani na horo. Da huɗu Birtaniya take riƙe sintirin da ba ta katse ba tun 1969.

Dubi lissafin Ostireliya. A Maris 2023 gwamnatinta ta ce shirinta na jirage takwas zai ci tsakanin dalar Ostireliya biliyan 268 da 368 zuwa tsakiyar shekarun 2050. Kuɗin sayen jiragen wani kaso ne kawai a ciki.

Wane ɓangare ne ya fi wuya?

Mutane sukan ɗauka tukunyar ce, kuma lalle tana da wuya. Sai ta zama ƙarama har ta shiga cikin ganga mai faɗin mita goma, ta jure girgiza da fashewar bam a kusa, ta ƙara wuta ko ta rage nan take, mutane kuma suna kwana 'yan mitoci daga gare ta. Faransa ta gwada yin ta da yuraniyom marar tacewa a shekarun 1950, tukunyar ta fi ƙarfin jirgin, aka watsar a 1959.

Akwai kuma shiru. Jirgin da ake jin sa ba shi da amfani, ga shi mai nukiliya yana da famfunan sanyaya tukunya da injin tururi da ke ƙara. Jiragen Sin na farko sun yi suna wajen hayaniya. A 1987 aka yi babbar rigima da aka gano cewa wani reshen Toshiba na Japan da Kongsberg na Norwe sun sayar wa Sobiyet injunan sassaƙa ƙarfe, waɗanda Amurka ta ce sun taimaka mata yin farfela marar ƙara. Wato injin sassaƙa ma sirrin soja ne.

A ganina, abin da ya fi duka wuya shi ne riƙe mutane. Walda a jikin irin wannan jirgi sai gwani da ya shekara yana yi, kowane layi sai an haska shi an duba. Masu zanen da suka san dalilin da ya sa aka karkata wani bututu ba sa rubuta rabin abin da suka sani. Birtaniya ta koyi wannan da tsada. Bayan ta gama jiragen Vanguard ta bar tazara kafin ta fara na gaba, ma'aikatar Barrow ta sallami dubban mutane. Da aka zo ƙera Astute, wanda aka fara a 2001, aiki ya cije, kuɗi ya haura, sai da aka ɗauko injiniyoyin kamfanin Electric Boat daga Amurka suka tallafa. Jirgin bai shiga aiki ba sai 2010. Wannan fa ƙasa ce da ta shekara 40 tana wannan sana'a. Ƙasar da ta fara, ta ɗaure wa kanta ƙera jirage bi da bi har abada, ko tana bukatarsu a shekarar ko ba ta bukata, don kada hannu ya mutu.

Ko na dizal ma yana ba da wahala haka?

Yana bayarwa. A 2013 Sifaniya ta gano cewa sabon jirginta S-80 ya yi nauyi da tan 70 zuwa 100 fiye da lissafi, har ana fargabar in ya nutse ba zai taso ba. Aka ƙara masa tsawo, sai a ƙarshen 2023 aka miƙa shi ga sojoji.

Nijar tana da yuraniyom. Wannan bai rage rabin aikin ba?

Ko kusa. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, amma abin da ke fita daga can gari ne da ba a tace ba. A cikin yuraniyom na ƙasa, nau'in da ke ba da wuta kashi 0.7 cikin 100 ne kacal. Tashar lantarki tana son a ɗaga shi zuwa kashi 3 zuwa 5. Jiragen Faransa suna aiki da wanda bai kai kashi 20 ba, shi ya sa ake sake musu mai kusan duk shekara goma, kuma wannan hanyar Birazil ta zaɓa. Amurka da Birtaniya suna amfani da wanda ya haura kashi 90, irin wanda ake bam da shi, ya sa tukunyar Virginia take kai ƙarshen rayuwar jirgin ba a buɗe ta ba.

Tacewar ita ce aikin. Sai an mayar da garin iskar gas, a bi da shi ta cikin ɗaruruwa ko dubban na'urori masu juyawa da mugun gudu. Ƙasashen da suka iya wannan ba su da yawa, kuma ba sa koyarwa. Ostireliya tana cikin waɗanda suka fi kowa arzikin yuraniyom a ƙasa, amma tukunyar jiragenta a rufe za a kawo mata daga waje, an like, ba za ta buɗe ba.

Dokar duniya ta yarda ƙasar da ba ta da makamin nukiliya ta mallake shi?

Ta yarda, amma ta wata ƙofa da ba a taɓa bi ba. Yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya ta haramta bam, ba ta haramta injin jirgi ba. A tsarin binciken Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya akwai sakin layi na 14, wanda ya ba ƙasa damar janye wani man daga binciken yau da kullum domin aikin soja da ba na fashewa ba, bisa wata yarjejeniya ta musamman. Damuwar ita ce, mai binciken hukuma ba zai bi jirgi ƙarƙashin teku ba, kuma duk sassaucin da aka yi wa ƙasa ɗaya, gobe wata za ta nemi irinsa. Sin ta yi ta sukar shirin Ostireliya a kan wannan.

Birazil ta rubuta a tsarin mulkinta na 1988 cewa nukiliya ta zaman lafiya ce kawai. Ita da Ajantina suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1991 da ke binciken juna, ta shiga yarjejeniyar duniya a 1998, a 2022 kuma ta fara tattaunawa da hukumar nukiliya ta duniya a kan man jirginta. Amma ta ƙi sa hannu a ƙarin ƙa'idar da ke ba masu bincike damar shiga ko'ina.

Akwai wanda ya ƙera nasa ba hannun kowa?

Amurka da Sobiyet, sai Sin da Faransa da suka yi kusa. An ruwaito cewa da shugaban Sobiyet Khrushchev ya ƙi taimaka wa Sin, shugaban Sin Mao ya ce sai sun ƙera ko da zai ɗauki shekara dubu goma. Faransa ta zana tukunyarta, amma yuraniyom ɗin da ta yi gwajin farko da shi a kan tudu daga Amurka ya zo. Jirgin Birtaniya na farko da tukunyar Amurka ya tashi, bisa yarjejeniyar 1958.

Indiya ta yi hayar jirgin Sobiyet daga 1988 zuwa 1991 domin mutanenta su koyi zama da tukunya, ta sake hayar wani daga Rasha a 2012. Ranar da aka saka Arihant a ruwa a Visakhapatnam a 2009, Firayim Minista Manmohan Singh ya gode wa Rashawa a bainar jama'a. Duk da haka aikin ya ci kusan shekara 30. Idan ka ji gwamnati ta ce kayan yaƙinta ƙirar gida ne, tambayi wane ɓangare, kuma wa zai iya hana ta kayan gyara.

Me zai hana a saya kawai a huta?

Ba a kasuwa yake ba. Ostireliya ce ta fi kowa kusa da saya, kuma labarinta bai ƙare ba. A ranar 15 ga Satumban 2021 ta sanar da ƙawancen AUKUS da Amurka da Birtaniya, ta soke kwangilar jiragen dizal 12 da ta ba Faransa. Faransa ta fusata har ta janye jakadunta daga Canberra da Washington, daga baya aka biya kamfanin Faransa mai kwangilar, Naval Group, yuro miliyan 555 na sallama. Tsarin shi ne Amurka ta sayar mata da Virginia uku daga farkon shekarun 2030, sannan a ƙera sabon samfuri a Adelaide wanda zai fito a farkon shekarun 2040.

Matsalar tana ma'aikatun Amurka. Suna fitar da Virginia ɗaya da ɗan ɗori a shekara, alhali sojojin ruwan Amurka kansu biyu suke so, in za a ba Ostireliya kuma sai an haura biyu. Ostireliya ta yi alkawarin zuba dalar Amurka biliyan 3 a ma'aikatun domin su ƙara hannu. Dokar Amurka kuma ta ce sai shugaban ƙasa na lokacin ya tabbatar cewa sayarwar ba za ta raunana rundunarsa ba. Ma'ana, an biya kafin alkalami, amma maƙulli yana hannun mai kaya.

Kanada ta taɓa shirin sayen 10 zuwa 12 a 1987. Da aka zo kasafin 1989 aka soke, saboda kuɗi.

Ai zai samar da ayyukan yi da ilimin ƙere-ƙere. Wannan bai biya ba?

Wannan hujjar ba ta cika tsayawa da ƙafarta ba. Gwamnatin Ostireliya ta ce shirin zai samar da ayyuka wajen 20,000 cikin shekara 30. Raba biliyan 368 da wannan adadi, kowane aiki ya tashi a kan wajen dalar Ostireliya miliyan 18. Gaskiya ne ba don ayyukan aka kashe kuɗin ba, amma in ayyuka ake nema akwai hanyoyi masu araha nesa ba kusa ba. Jirgin kuma ba hajar fitarwa ba ne, ba za ka sayar wa maƙwabta ka mayar da kuɗinka ba.

Ilimin kam ana samu. Na'urorin tacewa da sojojin ruwan Birazil suka ƙera su ne suke aiki a masana'antar Resende, wadda ke samar da wani kaso na man tashoshin lantarki na Angra. Tukunyar lantarki ta kasuwanci ta farko a Amurka, ta Shippingport, daga aikin Rickover ta samo asali. Sai dai mafi yawan abin da aka koya a jikin jirgin sirri ne, ba ya fita zuwa masana'antun farar hula da sauƙi. Wanda zai kare wannan kashe kuɗi, da hujjar tsaro zai kare shi.

Na dizal ba zai wadatar ba?

Ga yawancin ƙasashe zai wadatar, har ya yi saura. Idan yana tafiya a hankali da batir, sau da yawa ya fi mai nukiliya shiru. Na zamani suna da ƙarin inji da ba ya bukatar iskar waje, wanda ke ba su damar yin mako biyu ko fiye a nutse. A 2005 Amurka ta yi hayar jirgin Suwidin mai suna Gotland domin atisaye, ya kutsa cikin masu gadin katafaren jirgin dakon jiragen sama Ronald Reagan ba a gan shi ba. Kuɗin mai nukiliya ɗaya zai sayi irinsa da dama.

Inda ya gaza shi ne nisa da gudu. Mai gadin mashiga ko gaɓarsa, dizal ya ishe shi. Mai son ya bi rundunar abokin gaba tsawon dubban kilomitoci, sai nukiliya. A Birazil ma akwai masu cewa da an zuba kuɗin a jiragen dizal da na sintiri da tuni an fi tsare tekun.

Haɗari fa? Kuma ina ake kai shi in ya tsufa?

Thresher na Amurka ya nutse a Afrilun 1963 da mutum 129, Scorpion a 1968 da 99, Kursk na Rasha a Agustan 2000 da 118. A na Thresher bincike ya karkata ga haɗin bututu da ya saki, a na Kursk makamin cikinsa ne ya fashe. Bayan Thresher Amurka ta kafa tsarin da ke bin diddigin kowane ƙarfe da kowace walda da ke tare ruwa, wanda shi ma wani babban kuɗi ne.

Tsufan kuwa ba a cika saka shi a lissafin farko ba. Rahoton ofishin binciken kuɗi na Birtaniya na 2019 ya nuna ƙasar tana ajiye da tsofaffin jirage 20 a Devonport da Rosyth, tara daga cikinsu da mansu a ciki, ba ta wargaza ko ɗaya ba tun 1980, ajiyar kaɗai ta ci fam miliyan 500. Rasha ta gaji kusan 200 daga Sobiyet, sai da ƙasashen Yamma da Japan suka sa kuɗi aka kwance su.

Najeriya ko wata ƙasar Afirka za ta iya?

A yanzu a'a, kuma ba ta da dalilin nema. Masar da Aljeriya da Afirka ta Kudu suna da na dizal da suka saya daga Jamus ko Rasha. Najeriya ba ta da ko ɗaya. Tukunyar nukiliya guda da take da ita tana Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ta bincike ce, Sin ta ƙera, an kunna ta a 2004, ƙarfinta wajen kilowat 30. Ta Arihant ta ninka ta fiye da sau 2,500. Kuɗin Virginia ɗaya ya haura kashi ɗaya cikin goma na kasafin tarayya na 2025 gaba ɗaya. Ajaokuta kuwa, da aka fara tun 1979, ba ta kai ga narka ƙarfen da aka gina ta dominsa ba.

Barazanar da ke mashigin tekun Gini ta 'yan fashin teku ce da ɓarayin mai da masu satar kifi. Jiragen sintiri da na'urorin hange da jirage marasa matuƙa ne maganinsu. Ma'aikatar sojojin ruwa da ke Legas ta ƙera ƙananan jiragen sintiri: Andoni a 2012, Karaduwa a 2016, Oji a 2021. Tambayar da ta dace a yi ita ce ko za a ci gaba da ba ta oda a kai a kai.

To wace hanya ce ta yi wa ƙasashe aiki wajen ƙera kayan yaƙi a gida?

Koriya ta Kudu ta hau tsani ne mataki-mataki. Jirginta na ƙarƙashin teku na farko, na dizal, a Jamus aka ƙera, ya shiga aiki a 1993, sauran aka haɗa a gida. A 2011 ta samu kwangilar sayar wa Indunusiya uku. A 2021 ta shigar da mai tan 3,000 wanda ita ta zana. Duk wannan ya hau kan masana'antar jiragen kasuwanci da ƙarafa da suke cin riba da kansu. Sai bayan haka ta matsa a kan mai nukiliya, a Oktoban 2025 Shugaba Trump ya ce ya amince.

Turkiyya takunkumi ne ya tashe ta. Amurka ta hana ta makamai a 1975 saboda rikicin Cyprus, a shekarar aka kafa Aselsan, kamfanin ƙera na'urorin lantarki na soja. Ta zaɓi abin da take iya yi da yawa ta sayar, har jirginta marar matuƙi Bayraktar TB2 ya kai Nijar da Mali da Burkina Faso. Da Kanada ta daina ba ta kyamarar jirgin, ta maye da tata.

Birazil ma tana da irin wannan nasara, ba a teku ba. Embraer, da aka kafa a 1969, tana sayar da jiragen fasinja a duniya, kuma zanenta ne Super Tucano 12 da Najeriya ta karɓa a 2021, ko da yake a Amurka aka haɗa su.

Me za a duba a gane ko Álvaro Alberto zai fito?

Ba bikin yanka ƙarfe ba, an yi wannan a 2023 a kan wani sashe na gwaji. A duba Iperó, inda ake gina tukunyar gwaji ta kan tudu mai suna LABGENE, a cikin ganga irin ta jirgin. Sai an kunna ta ta yi aiki lafiya kafin a saka irinta a jirgi, kuma an sha ɗaga ranar kunnawar. A duba ko an cimma yarjejeniya da hukumar nukiliya ta duniya a kan man. A kuma duba ma'aikatar Itaguaí: jiragen dizal huɗun sun zo ƙarshe, in ba a ba ta wani aiki a tsakani ba, masu waldar da aka tura Faransa koyo za su watse kafin a zo haɗa gangar mai nukiliyar.